Kilafe

Alhaji Nomau ya kira ni unguwar Zariya
tun ban karya kumallo ba.
Ya ce, Tsahiru, gidana ya rikice.
Famfon da nake alwala da shi
jiya da la'asar ya ƙone mini gwiwar hannu.
Barira kuwa, kwananta tara da haihuwa,
ta buɗe na sashenta da asuba
ruwa ya zo mata kamar na randa.
An koma hura murhu,
tukunyar jego bisa itace,
ga jika ɗari huɗu kwance a kan soro.

Na hau tsani, Illo na riƙe da ƙafarsa.
Daga sama Maradi duk kwano ce da bedi.
Shofo na nan, farin tanki,
gilasansa sun sha rana sun ƙoshi.
Ba shi da laifi.
Na bi tiyo da tafin hannu
yadda ungozoma ke bin ciki:
nan zafi, nan zafi,
nan ma zafi, inda bai kamata ba.

Wanda ya yi aikin ban san shi ba,
ba zan zage shi ba.
Ya haɗa hanyar tsoho da ta mai jego a gwiwa guda
bai bar musu ƙyaure ba.
Ruwan zafi kuwa ba ya zama.
Ba shi da nauyi, sai ya hau,
na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa,
haka suke kewaya dare duka,
ba wanda ya buɗe famfo, ba wanda ya aike su.
Zafin da rana ta tara wa Barira
ya bi bango, ya leƙa sashen Alhaji,
ya ɗumama siminti, ya ɗumama ƙadangaru,
kafin assalatu ya ƙare a hanya
kamar kuɗin cefane a hannun yaro mai abokai.

Na aiki Illo babbar kasuwa.
Ya dawo da kilafe na tagulla,
bai fi ƙwan zabo ba,
kibiya ɗaya a jikinsa.
Alhaji ya juya shi a hannu: wannan ɗan abin?
Na ce, harshe gare shi a ciki.
In ruwa ya zo ta hanyarsa, ya rusuna ya ba shi wuri,
in ya juyo da baya, ya kama bakinsa.
Ya ce, to, ya fi mutane da yawa.

Illo ya ɗaura shi, kibiya na kallon baya.
Muka buɗe, ko ɗigo.
Gidan duka ya tsaya yana kallonmu,
har jaririn ya yi shiru.
Ban yi masa faɗa ba.
Maigidana a Tibiri ya taɓa jefa mini kile
kan wannan kibiyar,
tabon na nan ƙarƙashin hula.
Na dai ce, karanta, yaro, ƙarfe ma yana magana.

Muka juya shi.
Na lanƙwasa tiyo ƙasa
kamar wuyan raƙumi a bakin rijiya,
don zafi ba ya son gangara.
Na naɗe shi da soso, na ɗaure da robar taya,
kowane sashe na sa masa makullinsa.

Kwana uku ba waya.
A sana'armu shiru ne godiya.

Ran Juma'a na haɗu da Alhaji wajen takalma,
gwiwar hannunsa ta fara saɓa.
Ya ce Barira na wanka har tururi na fita ta taga,
itacen da ya rage an ba mai ƙosai.
Sai ya riƙe mini riga, ya rage murya:
Tsahiru, ruwana fa da asuba
yanzu har cikin haƙori.
Ba ka iya bari ɗan kaɗan ya ɓato?